Gamsasshen Bayani a Kan Ilimin Sayen Laftof ta Iyali

Ka sani, ya kai ɗalibi, cewa sayen laftof ta iyali fanni ne mai zaman kansa, kuma dangantakarsa da ilimin kwamfuta ta nesa ce ƙwarai. Ilimin kwamfuta yana bincike a kan abin da na'ura za ta iya yi. Fannin namu yana bincike a kan abin da za a yi wa na'ura ta kwana da rai. Ɗaliban na farko suna jami'a. Ɗaliban na biyu suna tsaye a Farm Centre ta Kano, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, hannu dafe da aljihun gaba, ana ce musu, "Alhaji, shigo ka gani, ai gani ba saye ba ne."

A wajen masana, laftof ta iyali ita ce wadda mutum ɗaya ya biya kuɗinta, gida duka yake amfani da ita, kuma ranar da ta fashe aka nemi wanda yake kusa aka rasa. Da wannan ta'arifi aka fitar da ta ofis, domin tana da mai ita. Aka kuma fitar da ta ɗalibin jami'a, domin shi in ya fasa tasa ya san shi ya fasa.

Dalilin da yake sa magidanci shiga wannan sha'ani ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta kacokan ta kan kwamfuta, saboda haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarabawa, jarabawa biyu yake rubutawa a zama ɗaya, a kuma ba shi makin guda. Ga kuma makarantun kuɗi da suka gano cewa aikin gida ya fi kwarjini idan an buga shi an fitar a farar takarda, ko da abin da aka buga ɗin sunayen jihohi 36 ne da manyan biranensu.

Magabata sun sha wuya a wannan hanya. A shekarar 1981 aka fito da Osborne 1 a Amurka, wadda ake lissafawa cikin kwamfutocin farko da aka ce ana iya ɗauka a yi tafiya da su. Nauyinta ya haura kilo 10, faɗin allonta inci 5, kuɗinta dala 1,795, kuma babu batir a cikinta. Duk da haka akwai masu ganin ba a sake ƙera wadda ta kai ta dacewa da gida mai yara ba, tunda babu yaron da zai iya ɗaga ta, balle ya yar. Sai a watan Nuwamban 2005, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a Tunis, Nicholas Negroponte ya gabatar da samfurin laftof ta yara wadda ya ce za a sayar da ita dala 100. Koriya ce, da mariƙi a gefe wanda ake murzawa ta yi caji, domin ƙasashen da wuta ba ta zama. Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar na lokacin, ya sa hannu ya murza, mariƙin ya karye. Daga baya aka cire mariƙin baki ɗaya, kuɗin ya kusan ninkawa, kuma a 2007 an gwada ta a wata firamare da ke Galadima a yankin Abuja. Daga wannan waƙi'a aka ciro ƙa'idar farko ta fannin: abin da bai tsira daga hannun dattijo mai natsuwa irin Kofi Annan ba, kada ka sa rai zai tsira daga hannun Auta.

Fasali a kan masu ruwa da tsaki

Kafin a shiga kasuwa dole ne a tantance wanda ake saya wa. Maigida yana cewa domin karatun yara ne, kuma har zuciyarsa haka ne, sai dai akwai lissafin shago da ya gaji da yi a bayan kwali. Uwargida ba ta ce komai ba, amma ta riga ta lura allon ya fi na waya faɗi, ga kuma shiri mai dogon zango da ba ta kai ƙarshensa ba. Auta ba shi da ra'ayi, yatsu ne da shi, kuma yanzu ya gama cin alewa.

Wanda ya fi kowa hatsari shi ne Yaya Babba, saboda shi ake ɗauka ɗan rakiya a matsayin masanin gida. Idan ka ji ya ce, "Abba, a sayi mai girafik, ita ce take saurin buɗe Word," to ka sani ba Word ce a gabansa ba, ƙwallo zai buga. Daga aji ɗaya na firamare har ranar da za a fito daga sakandare babu aikin gidan da yake buƙatar katin girafik. Abin da yake ƙarawa a gida shi ne kuɗi, da zafi, da shan batir, da ihun "gol" ƙarfe ɗayan dare.

Fasali a kan saɓanin malamai: sabuwa ko ta hannu

Nan ne aka kasu gida biyu. Kashi na farko suka ce a sayi sabuwa dal a kwali. Hujjarsu leda ce, da ƙamshi, da takardar garanti, da kuma abin da za a gaya wa maƙwabta. Kashi na biyu suka ce a sayi ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Landan ko da daga Dubai aka ɗauro ta.

Wanda aljihunsa ya kai ya sayi sabuwa mai Core i5 ko Ryzen 5 na wannan zamani, ya je ya saya, Allah Ya sanya albarka, wannan risala ba da shi take ba. Maganarmu a kan magidancin da ya ware kuɗi ƙididdigaggu ne, musamman tun bayan da aka saki naira a tsakiyar 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi fiffike. Shi wannan bawan Allah, abin da kuɗinsa zai saya a sabuwa kusan a sane yake: furosesa Celeron, ram giga 4 wanda sau da yawa an like shi a jikin allon ciki ba ya ƙaruwa, da ma'ajiya ƙarama irin wadda ake kira eMMC mai giga 64, wadda Windows kaɗai zai cinye kusan rabinta kafin yaro ya ajiye asamen ɗinsa na farko. Jikinta roba ce mai sheƙi. A ranar farko ba ta da laifi. A wata na uku ana kunna ta a tafi alwala a dawo tana nan tana tunani.

Da irin wannan kuɗin, ko ƙari kaɗan, ana samun tsofaffin kwamfutocin ofis: ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell, EliteBook da ProBook na HP. Waɗannan an ƙera su ne domin kamfanonin da suke saye da yawa su raba wa ma'aikata, su kuma sauya su bayan 'yan shekaru ko da lafiyarsu ƙalau. Tunda an san ma'aikaci ba da kuɗinsa ya saya ba, sai aka yi su da ƙarfi: maɗaurin murfi na ƙarfe, ƙasan da ake kwancewa da sukudireba, kayan gyara a kowace kasuwa. Wasu ThinkPad ɗin har da ƙananan ƙofofi a ƙasa domin ruwan da ya zube a kan madannai ya fice. Ma'aikacin da ba ruwansa da kayan kamfani da yaron da ba ruwansa da kayan Abba, a mahangar injiniya mutum ɗaya ne. Saboda haka ra'ayi mafi rinjaye shi ne na biyu, kuma shi mai wannan rubutu yake a kai, bisa sharuɗɗan da za su zo.

Fasali a kan i7, kuma shi ne mafi tsawo saboda yawan waɗanda suka halaka a cikinsa

Mai shago zai ɗauko ta da hannu biyu, ya goge murfin da gefen rigarsa, ya nuna maka 'yar takardar da aka manna kusa da madannai da farcensa, ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, wannan fa i7 ce. Don kai ne." Jama'a sun haddace cewa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, kuma a lissafi haka ne. Amma kamfanin Intel ya shafe sama da shekara goma yana fitar da i3 da i5 da i7 zubi bayan zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan, kuma kowane zubi da nasa i7 ɗin. Mai sayen rago a kara ba ya tsayawa kallon ƙaho, baki yake buɗewa ya duba haƙori, kuma haƙorin furosesa shi ne lambar da take bayan ɗan layin da ke bin i7 ɗin.

Ga misali. Idan ka ga i7-3520M, lambar farko bayan layi uku ce, wato zubi na uku, na shekarar 2012, mai ƙwaya biyu a ciki. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, mai ƙwaya huɗu. Wannan i5 ɗin ya fi wancan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi tattalin batir. Idan lambobin uku ne kacal, kamar i7-620M, to ba zubi na shida ba ne, na farko ne, na 2010, ya girmi yaron da za a saya wa. Daga zubi na goma kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar 10210U ko 1135G7.

Sharaɗi shi ne kada a sauka ƙasa da zubi na takwas. Me ya sa aka tsaya a kan na takwas? Domin kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11, wanda ya fito a 2021, a hukumance yana karɓar Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, da Ryzen na AMD na laftof daga jerin 3000. ThinkPad T480, da Latitude 5490, da EliteBook 840 G5 duk 'yan wannan zamani ne, na wajejen 2018, ko da yake akan samu wasunsu da furosesa na bakwai, don haka ko sunan ya yi daidai a duba lambar.

Mas'ala: idan mai shago ya kunna ta ka ga Windows 11 da idonka, shin wannan hujja ce? Amsa: ba hujja ba ce. Akwai dabarun da ake bi a cusa shi a tsohuwar na'ura, kuma yaron shago ya iya su tun kafin ya iya ba da canji. Hujja ita ce ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga shafin da yake nuna aikin sassan na'urar, ka karanta sunan furosesa da yawan ram da irin ma'ajiya da kanka. Takardar da aka manna a jiki kuwa ana sayar da irinta a layin baya.

Shi ram, wurin da na'ura take riƙe abin da take aiki a kai ne a wannan lokacin. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ya yarda da shi, kuma mafi ƙaranci yana nufin za ta kunnu, ba a yi alkawarin komai bayan haka ba. Yarinya 'yar aji biyu na babbar sakandare da aka ce ta yi bincike a kan zaizayar ƙasa za ta buɗe shafuka goma sha a intanet, ɗaya na zaizayar ƙasa, sauran na lalle da ɗinki. Giga 8 ne yake ɗaukar wannan nauyi. Ita kuwa ma'ajiya iri biyu ce. Tsohon yayi faifai ne da yake juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da 'yar allura tana shawagi a kansa, kuma idan aka buge na'urar yana cikin juyawa, hotunan suna da na biki sai dai a tuna su da baki. SSD ba shi da abin da yake motsi, ya fi sauri ninki-ba-ninki, kuma ya fi jure faɗuwa daga kan kujera. Mai shago zai ce, "Wannan tera ɗaya ce cur, waccan 256 ce kawai." Ka ɗauki SSD mai 256 ɗin. Babu iyalin da ya taɓa cika tera ɗaya da aikin gida, da fina-finai ake cika ta.

Fasali a kan launi

Baƙa.

Fasali a kan batir da sauran abokan gaba

A ƙasashen da aka ƙera waɗannan na'urori, batir abin jin daɗi ne, don mutum ya zauna a lambu. A wajenmu shi ne rabin na'urar, domin an lura cewa ɗauke wuta da aikin gidan da za a kai gobe da safe suna da wata tsohuwar yarjejeniya a tsakaninsu. Idan aka tambayi mai shago batir awa nawa yake yi, amsar "awa huɗu zuwa biyar" ce, kuma ba a taɓa jin ta canza ba ko wace na'ura aka nuna. Windows da kansa yana da amsa mafi gaskiya. A buɗe baƙin allon ba da umarni a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batir da shi, da ƙarfin da ya rage masa a yau. Idan na biyu bai kai kashi biyu cikin uku na na farko ba, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Idan kuma aka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago, ko ƙasan na'urar ya yi ciki, batir ne ya kumbura, kuma wannan ba abin kai wa ɗakin yara ba ne ko kyauta aka ba ka.

Abokin gaba na biyu katifa ce. Laftof tana shaƙar iska ta ƙasa ta fitar ta gefe ko ta baya, kuma babu inda 'yan gida suka fi son ajiye ta kamar kan bargo. A haɗa wannan da ƙurar hunturu da take toshe fanka, da zafin watan Afrilu, sai a ji tana huci tana kashe kanta. Maganin bai wuce faranti ko ɗan katako a ƙarƙashi ba, da kai ta a hure mata ƙura bayan hunturu. Na uku shayi ne, da 'yan uwansa koko da kunu, waɗanda suke da wata ƙauna ta musamman ga madannai. Na huɗu cajar bogi. Yawancin waɗannan na'urori suna amfani da caja mai wat 45 ko 65, kuma ta asali tana da nauyi a hannu. Wadda ka ɗaga ka ji ta shafal, ranar da janareta ya yi tari za ta tafi, ta kuma yi wa na'urar rakiya.

Akwai wasu jinsunan laftof biyu da suke ruɗar mai ƙaramin ƙarfi. Chromebook tana da araha da kyan gani da batir mai daɗewa, sai dai ba Windows ba ne a cikinta, ma'ajiyarta 'yar mitsitsiya ce, yawancin amfaninta a kan intanet yake, kuma manhajar gwajin JAMB da aka yi domin Windows ba za ta hau kanta ba. Wasu ma daga makarantun Turai da Amurka suka fito, a kulle da sunan makarantar. A gidan da ake auna data da cokali, araharta ba ta ado. Tsohuwar MacBook kuwa ana sayenta ne domin tambarin da ke bayan murfi, kuma ranar da allonta ya tsage za a gane cewa tambarin ma yana da nasa farashin.

Da an kawo ta gida, a buɗe wa yara nasu asusun daban wanda ba shi da ikon sauke manhaja, maigida ya riƙe na shugaba, da kalmar sirrin da ba sunan Auta ba ce, ba kuma shekarar aure ba, domin waɗannan su ake fara gwadawa. Ba sai an sayi maganin bairos ba, akwai Defender a cikin Windows. Ba sai an nemi Word ta sata ba, LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun Word. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba a zana su a jikin madannai ba, amma Windows yana da tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa ba ko kwabo, domin kada yaro ya rubuta wa malamin Hausa cewa ya ga bera a daki.

Fasali a kan ladubban shiga shago

A je da rana, ba da magariba ba, kuma ba ranar da ake sauri ba. A nemi kujera a zauna. A sa a cire caja tun daga farko, a bar na'urar tana kunne ana hira, a ga yadda lambar batir take sauka. A buɗe farin shafi a danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a san amfaninsu ba. A duba layin sama na haruffa: idan ya fara da AZERTY daga ƙasashen Faransanci ta fito, wanda ga magidanci a Maraɗi ko Damagaram shi ne daidai, ga yaron da zai zauna JAMB kuwa zai saba da harafi a inda ba zai same shi ba ranar jarabawa. A mai da allon fari fat a nemi ɗigo ko tabo, a buɗe murfin a rufe a ji ko maɗaurin yana ƙara. A soka filasha a kowace ƙofa, a gwada kyamara da lasifika, a jona ta da intanet ɗin waya. Sannan a sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka, domin wasu na'urorin kamfani suna zuwa da kalmar sirri a can ciki wadda mai ita yana wata nahiya, kuma ba ya ɗaga waya.

A daidai nan mai shago zai ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Amsar da masana suka zaɓa ita ce, "Na yarda da kai, ita ce ban sani ba." Daga nan sai ciniki. Kafin ka tura ko sisi, ka sa ya rubuta maka a rasit sunan furosesa da lambarsa cikakkiya, da yawan ram, da lambar da ke ƙasan na'urar, da kwanakin da ya ba ka na gwaji, ya sa hannu, ya buga hatimin shago. Idan ya ce rasit ya ƙare, shago na gaba yana da shi.